An sallamo Hajiyarmu daga asibiti: me za mu gyara a gida don kada ta faɗi?

'Yar Misfala, Makka

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana da shekara 78. Mako biyu ke nan da aka sallamo ta daga asibiti bayan ta sami shanyewar ɓarin jiki mara tsanani. Ɓangaren hagu ne ya yi rauni, amma tana takawa da sanda. Tana da ciwon suga da hawan jini, ga kuma yana a idon dama. Shiƙƙar haya muke ciki, wato sashe a gidan bene, hawa na biyu, babu lif. Ko'ina tayil ne, banɗakin kuma na tsuguno. Ni da 'yar yayata ke karɓa-karɓa wajen jinya, sai dai Hajiya ba ta yarda a kama ta wajen alwala, musamman ta asuba. Kuɗin hannunmu ba su da yawa, mai gidan kuma ba ya son a taɓa masa bango. Wata maƙwabciya ta ce mu sayi gadon asibiti mai ƙarfe a gefe, mu riƙa kulle mata ɗaki da dare. Daga ina ya kamata mu fara? Masu sani ku taimaka, Allah ya saka da alheri.

Mai aikin famfo da tayil, Jidda

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa, ki ajiye maganar gado tukuna. Yau da dare ki kashe fitilu, ki tashi daga bakin gadonta ki taka zuwa banɗaki yadda take takawa. Duk abin da ƙafarki ta taɓa ko hannunki ya lalubo a wannan 'yar tafiya, shi ne aikin farko. Ƙaramin kafet na bakin gado, tabarmar goge ƙafa ta ƙofar banɗaki, wayar caja, galan ɗin zamzam da aka jingine a lungu, duk a kwashe. Wannan ba ya cin ko riyal ɗaya.

Banɗaki shi ne inda kuɗin za su tafi. Bayin tsuguno ba na mai raunin ƙafa ɗaya ba ne, domin sauka ƙasa da sauƙi, miƙewar ce ke kayar da mutum. Ba sai an fasa komai ba. A shagunan kayan asibiti ana sayar da kujerar bayi mai rami a tsakiya da madafin hannu biyu, a ɗora ta a kan ramin. Ki zaɓi wadda ake ƙara wa ƙafafu tsawo, a saita mazauninta tsakanin santimita 43 da 48 daga ƙasa. Ki duba da kyau ƙafafun huɗu sun zauna daram, saboda matakin bayin tsuguno yakan ɗan fi tayil tudu, kujerar ta riƙa rawa. Idan robar ƙasan ƙafa ɗaya ta cinye, a sauya ta nan take.

Sai ƙarfen dafawa na bango. Na silba mara tsatsa za a saya, kaurinsa milimita 32 zuwa 38 yadda tafin hannu zai zagaye shi, tazararsa da bango kamar santimita 4. Ɗaya a kwance kusa da kujerar, santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa, a ɓangaren da hannunta na dama zai kama idan ta zauna, tunda shi ne mai ƙarfi. Ɗaya kuma a tsaye a bakin ƙofa. Ƙarfen kirki yana ɗaukar fiye da kilo 110, amma ba ƙarfen ke ba da kunya ba, ɗaurin ne. Yawancin bangayen nan bulo ne mai rami a ciki, gajeren sukuru da 'yar robar nan da muke kira fisha ba sa riƙe nauyin mutum a cikinsa. A sa dogon sukuru mara tsatsa da fisha ta musamman ta bulo mai rami, ko a cika ramin da gam ɗin kafa ƙarfe. Mai hudawa ya manna tef a kan tayil, ya huda a hankali ba tare da kunna bugun injin ba sai ya wuce tayil ɗin, in ba haka ba ya tsage. Kada ya huda a saitin famfo ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, nan bututu da waya suke bi. In an gama, namiji ƙaƙƙarfa ya rataya da dukkan nauyinsa. Idan ya motsa ko kaɗan, ba a gama ba.

Wanda ake mannawa da iska a jikin tayil, ba tare da sukuru ba, ni dai ban yarda da shi ba. Danshi na sassauta shi, ranar da aka fi buƙatarsa ranar yake sakin bango. Haka ƙarfen rataye tawul, da kwamin wanke hannu, da bututun shawa: ba a yi su don ɗaukar mutum ba. Shi kuwa mai gida, a nuna masa 'yan ramuka ne ƙanana da ake toshewa da farin siminti ranar tashi. In ya ƙi, akwai madafi mai ƙafafu da ke tsayawa da kansa, ba ya taɓa bango.

Ruwan ƙasa kuma, yawanci shattaf ne, ɗan tiyon nan na tsarki, yake ɗiga. A canza shi, kuɗinsa kaɗan ne. A ajiye massaha, abin jan ruwan nan na roba, a zama doka duk wanda ya fito ya ja ruwan zuwa magudana. Shimfiɗar roba mai huji tana da amfani a wurin wanka, amma a riƙa ɗaga ta tana bushewa, domin gansakukar da ke taruwa a ƙarƙashinta ta fi sabulu santsi. Silifan banɗaki na kowa da kowa, wanda ya fi ƙafarta girma, a ɗauke shi. A saya mata nata mai riƙe dunduniya.

Dokin ƙofar banɗaki yawanci dutsen marmara ne mai ɗan tudu, launinsa ɗaya da tayil. Mai yana a ido ba ta ganinsa, ƙafar da ta yi rauni kuma ba ta ɗaguwa sosai. A manna masa tef mai launi daban, baƙi ko rawaya. Ita ƙofar, idan ciki take buɗewa, Hajiya ta faɗi a bayanta, jikinta ne zai tokare ta. A cire sakatar ciki yau, sannan kafinta ya juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje.

Zafin ruwa: kowa ya san a lokacin zafi tankin saman bene yana dafa ruwa, famfon sanyi ya koma na zafi, har mutane su kashe sakkan, wato hitar ruwa, su riƙa ɗibar ruwa mai sanyi daga gare shi. Tsohuwa ba za ta riƙa bin wannan juyin ba. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, mai ciwon suga kuma sau da yawa ƙafarta ba ta jin zafi sai ta ga bororo. A haɗa mata ruwa a bokiti, na sanyi farko sannan na zafi, mai jinya ta gwada da gwiwar hannu. Digiri 37 zuwa 40 ya isa.

Na ƙarshe, ƙananan fitilun soket masu kamawa da kansu idan sun ji motsi. Uku sun isa: gefen gado, tsakiyar hanya, cikin banɗaki.

Ma'aikaciyar jinya, Madina

Allah ya ƙara sauƙi. Abin da mai famfo ya faɗa daidai ne, sai dai ko an gyara gida tsaf, jiki na iya kayar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 yana faɗuwa a shekara, kuma wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ya fi shiga haɗari a watannin farko bayan sallama.

Dalilin da ya sa asuba ta fi haɗari shi ne, mutum ya kwana a kwance, ya miƙe farat ɗaya, jini ya gangara ƙafafu, kai ya rasa isasshe, sai jiri da duhun ido. Maganin hawan jini yana ƙara wannan. A koya mata tashi hawa uku: ta juya gefe ta zauna a bakin gado ƙafafu a ƙasa, ta yi minti ɗaya ko biyu tana motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, ta miƙe ta tsaya riƙe da sanda ta ƙirga goma, sannan ta taka. Addu'ar tashi daga barci da ɗan zikiri a zaune sun cika wannan lokaci, kuma Hajiya za ta fi karɓar hakan da a ce mata ta jira.

Kuna iya gwadawa da na'urar awon jini ta gida. Ta kwanta minti 5 a auna, ta miƙe a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, ko ta ji jiri, a rubuta a kai wa likita. Kada ku rage magani da kanku.

Ku tara duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na saidaliyya, wato kantin magani, da na gargajiya da wanda aka aiko daga gida Najeriya ko Nijar, a kai wa likita ko mai harhaɗa magani ya duba su tare. Waɗanda suka fi kayar da tsofaffi su ne maganin barci irin su diazepam, da maganin mura ko ƙaiƙayi mai sa barci irin chlorpheniramine, da maganin sa fitsari irin furosemide idan aka sha da yamma, domin shi ke tashin mutum sau uku cikin dare a guje. Shi da safe aka saba ba da shi. Ku sayi akwatin magani mai gidaje na kwana bakwai, mutum ɗaya ya riƙa cika shi ranar Juma'a. Inda masu jinya biyu ke karɓa-karɓa, kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ta ba da maganin safe tana zaton ɗayar ba ta bayar ba. Takarda a jikin firij, duk wadda ta bayar ta sa alama da lokaci.

Sugan jini idan ya sauka ƙasa da 70, ga alamunsa: zufa mai sanyi, rawar jiki, faɗuwar gaba, magana ba kan gado. Idan tana cikin hayyacinta kuma tana iya haɗiya, a ba ta babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwali, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ba ta cikin hayyacinta, kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita ta gefe a kira motar asibiti a 997. Insulin da glibenclamide su suka fi jawo wannan, musamman ranar da ta sha magani ba ta ci abincin kirki ba. Maganar azumi, ko na nafila ne, sai da shawarar likitanta.

Tsofaffi da yawa suna rage shan ruwa don gudun zuwa banɗaki, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busar da jiki ba a sani ba. Ƙarancin ruwa kuwa jiri yake kawowa. A ba ta ruwa kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar, a rage bayan isha'i, sai fa idan likita ya ƙayyade mata saboda zuciya ko ƙoda. Da dare a ajiye kujerar bayi mai bokiti a gefen gado, ɓangaren dama. Taku biyu ya fi taku ashirin. Za ta ƙi da farko saboda kunya. A sa labule, a riƙa zubarwa da wuri ba tare da an yi magana a kai ba.

Shawarar maƙwabciya kuma, da niyya mai kyau ta bayar, amma kada ku bi. Ƙarfen gefen gado an yi shi don wanda ba ya iya tashi, kada ya mirgino. Mai iya tashi, idan fitsari ya matse ta, haurawa za ta yi ta samansa, ta faɗo daga wuri mafi tsawo. Akwai kuma haɗarin wuya ko ƙirji ya maƙale tsakanin ƙarfen da katifa. Abin da take buƙata gado ne da idan ta zauna a bakinsa tafin ƙafarta biyu suna ƙasa, gwiwa a saitin ƙugu, wato wajen santimita 45 zuwa 50 har da katifa. Kulle ɗaki kuwa, ranar da wuta ta tashi ko ta faɗi a ciki, makullin nan ake nema a rasa. Ƙararrawa mara waya ta fi: madannin a wuyanta ko a jikin gado, mai ƙarar a ɗakin mai jinya.

Ku kula da haɗiya. Ta ci a zaune sosai, ba a kishingiɗe ba, loma ƙanana, ta ci gaba da zama rabin awa bayan ta gama. Tari lokacin shan ruwa, ko murya ta koma kamar mai kurkure, alama ce abinci na bin hanyar iska, a gaya wa likita. Idan kuwa baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a duba agogo a kira motar asibiti nan take. Allurar narkar da gudan jini tana da wa'adi, awa huɗu da rabi daga fara alamun, ba a jira a ga yadda za ta kwana.

'Yar Misfala, Makka

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Mun kwashe kafet, mun cire sakatar. Saura alwala: a tsaye take yi, tana ɗaga ƙafa zuwa cikin kwamin wanke hannu. Kuma ta dage sai ta yi sujada a ƙasa, tashin ne ke gagara. Ga bene idan za mu koma ganin likita. Sandar ma ta marigayi mahaifinmu ce, yaya za mu san ko ta yi mata daidai?

Likitan motsa gaɓoɓi, Makka

'Yar'uwa, ɗaga ƙafa cikin kwami shi ne abu mafi haɗari a duk abin da kika lissafa. Idan ta ɗaga ta dama, ta bar dukkan nauyinta a kan ƙafar da ta yi rauni, a kan jiƙaƙƙen tayil. A daina daga yau. A sa mata kujerar wanka mai robar ƙafa da majingina, ba farar kujerar roba ta tsakar gida ba, wadda ƙafafunta ke baɗewa. Ta zauna, ƙafa a cikin faffaɗar roba ko a kan 'yar kujera, ta zuba ruwa da buta ko shattaf. Ta goge ƙafa ta bushe har tsakanin yatsu, ta sa takalmi, sannan ta miƙe. Ta asuba ma ana iya kawo mata buta da roba bakin gado. A haka ita ke yin alwalarta da hannunta, babu wanda ya kama ta, abin da take karewa ke nan. Shafa a kan huffi da taimama suna da sharuɗɗansu, malami zai yi mata bayani. Abin da zan ce kawai, ƙasan huffin fata yana da santsi a kan tayil, haka safa, sai an ɗora takalmi a kai.

Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Idan daga bakin 'ya'ya ta ji, za ta ɗauka raini ne. A samo malamin da take girmamawa ya gaya mata. Kujerar sallar ta zama mai nauyi, mai hannu biyu, a jingine da bango. A naɗe sallaya bayan an idar, domin gefenta na kama yatsan ƙafar da ake ja. Zaman majalisa na ƙasa shi ma a haƙura da shi a yanzu.

Sandar namiji yawanci ta yi wa mace tsawo. Ta tsaya da takalminta, hannu a sake: mariƙin sandar ya zo daidai wuyan hannu, yadda idan ta riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. In ta yi tsawo, kafaɗa na ɗagewa, sandar ba ta ɗaukar nauyi. A duba robar ƙasanta, in ta sule a sauya. A hannun dama za ta riƙe, kishiyar ƙafar da ta yi rauni. Sanda da ƙafar hagu su tafi tare, sannan ta dama ta biyo. Mutane da yawa suna riƙewa a ɓangaren ciwon, wannan yana karkatar da jiki can. Idan ƙafar hagun tana jan ƙasa, a nuna wa likita, akwai abin roba da ake sawa cikin takalmi ya ɗaga tafin ƙafa. Doguwar riga da abaya a rage musu tsawo su tsaya a idon sawu.

A bene, hawa da ƙafar dama ake farawa, sauka da ta hagu, mataki ɗaya-ɗaya, ƙafafu biyu su haɗu kafin a ci gaba. Mai taimako yana bayanta wajen hawa, yana gabanta mataki ɗaya ƙasa wajen sauka, a ɓangaren hagu. Hannunta na dama a kan ƙarfen benen, wani ya riƙe sandar. Idan ƙarfen yana gefe ɗaya ne kawai, a ɗayar tafiyar zai faɗo ɓangaren raunin, sai ta ɗan juya ta fuskance shi ta bi a karkace. Kada a gwada wannan karon farko ba tare da likitan da ke mata gashi ya nuna muku ba. A yi wa haris, mai gadin ginin, magana fitilar bene ta kasance tana aiki, kuma kada a fita ranar da aka wanke matakala.

Wajen tayar da ita, kada a ja hannun hagu, kada a sa hannu a hammata a ɗaga. Naman kafaɗar ya saki, ja kaɗan na iya gocar da ita, ciwon ya daɗe. A ɗaura mata faffaɗar ɗamara a ƙugu, mai jinya ta riƙe ta nan. Ita kuma ta matso bakin kujera, ta ja ƙafafu baya ƙarƙashin gwiwa, ta sunkuyo gaba, ta tura hannun kujera ta miƙe. Ba ta rataya a wuyan mai jinya ba, in ba haka ba su biyu za su tafi ƙasa.

Tsoron faɗuwa yana sa a zaunar da tsoho wuri ɗaya, zaman kuma yana cinye naman cinya cikin makonni kaɗan, sai faɗuwar ta zo da sauƙi. Ta riƙa tashi da zama daga kujera sau 5, sau biyu ko uku a rana, wani na tsaye kusa, a ƙara a hankali zuwa 10. Don ku ga ci gaba, ku auna mita 3 daga kujera: ta tashi, ta je, ta juyo, ta zauna, ana duba agogo. Daƙiƙa 12 ko fiye na nuna har yanzu haɗarin na nan. A rubuta lambar duk mako. Yanar idon ma a nemi likitan ido, aikinta ba ya ɗaukar lokaci kuma yana rage faɗuwa, likitocinta za su faɗi lokacin da ya dace.

In an yi rashin sa'a ta faɗi, kada a yi rububin ɗaga ta. A durƙusa a yi mata magana, a tambayi inda ke ciwo. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko tana kukan ƙugu ko wuya ko baya, a bar ta inda take, a rufa mata bargo, a kira 997. Idan ta bugi kai kuma tana shan maganin tsinka jini, kamar warfarin ko clopidogrel, asibiti za a je ko da ta ce lafiyarta ƙalau, domin jini na iya tsiyaya cikin kai a hankali, alamun su fito bayan kwanaki: yawan barci, amai, ruɗewa. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, a kawo kujera biyu masu ƙarfi. Ta mirgina gefe, ta yi rarrafe zuwa ta farko, ta dafa, ta kafa ƙafar dama, ta ɗago, a turo ta biyun ta bayanta ta zauna. Ko ba ta ji ciwo ba a gaya wa likita, domin faɗuwa wani lokaci alamar wata cuta ce, kamar ciwon mafitsara.

Ma'aikacin lantarki, Makka

Allah ya ba da lafiya. Ba a taɓo wuta ba. Kaskon turaren wuta da gawayi, a hannun mai rauni, kusa da mayafi mai santsi, ba sai an yi bayani ba. A koma kasko na lantarki, ko mai jinya ta turara ɗakin ta fita da kaskon. Gawayi a rufaffen ɗaki mai mukayyif yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ciwon kai da jiri da barci suna cikin alamunta. Idan wata rana aka kawo mata na'urar iskar numfashi, to babu turaren wuta a ɗakin sam, babu man Vaseline a hanci, kuma na'urar ta sami soket nata ita kaɗai.

Kicin kuma, a rufe kan tukunyar gas bayan kowane girki. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa yana yoyo. Tiyon da ya tsattsage a sauya. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka na'urar jin warinsa kusa da ƙasa ake kafa ta, kamar santimita 30. Ta jin hayaƙi kuwa a rufin hanyar ɗakuna, a danna madanninta duk wata. In an ji warin gas, kada a taɓa makunni ko na fanka, a rufe tukunya a buɗe tagogi a fita.

Kada a jona hita, butar lantarki ko mukayyif a jikin wayar ƙari. Soket mai baki uku amfiya 13 yake ɗauka, wajen wat 3000, butar shayi kaɗai na iya cin 2000. A sa mai lantarki ya duba ko allon wutar gidan na da na'urar katse wuta mai miliamfiya 30, musamman layin sakkan. Wasu tsofaffin gine-gine har yanzu suna da layin wuta mai volt 127 da mai volt 220 a gida ɗaya, a rubuta a jikin kowane soket.

Gida mai jinya yana yawan wanke banɗaki, to kada a taɓa haɗa Clorox da Flash, hayaƙinsu na ƙona huhu. Kada kuma a zuba su a gorar ruwa, mai yana a ido ba za ta bambance ba. Ƙuna idan ta faru, ruwa mai sanyi yana kwarara a kai minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba. Tunda famfonmu zafi yake da rana, a ajiye jarka ɗaya a ɗaki mai sanyi don wannan.

A rubuta da manyan baƙaƙe a bayan ƙofar shiga: 997 motar asibiti, 998 'yan kwana-kwana, 911 yana aiki a yankin Makka, 937 shawarar likita ta waya. A ƙasansu a sa gajeren adireshin gidan, harafi huɗu da lamba huɗu, da hawa, da sunan masallacin da ke kusa. A lungunan Misfala wani yaro ya sauka bakin titi ya tare motar.

Mai aikin famfo da tayil, Jidda

Ƙari kan sakkan, kada wani ya fahimci a rage zafinsa ƙasa sosai. Ruwan da ke kwana a tanki da ɗumi-ɗumi yana haifar da ƙwayar cuta mai kama huhu, tsofaffi ta fi kamawa. A bar shi a digiri 60, a sa bawul mai gauraya ruwa da kansa a bakin fitarsa, a saita shi wajen 40. Kafin a sami kuɗinsa, bokiti da gwiwar hannu. Shi kuma kwamin, tunda Hajiya ta saba dafa shi, a girgiza shi a gani. In yana motsi a ɗaure sukurorinsa ranar da za a kafa ƙarafan, aiki ɗaya ne.